Daga Ɗakin Shan Magani Zuwa Awon Jini

A zamanin En'e, lokacin da aka fara gina ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai, aikin malamin asibiti bai wuce wanke gyambo da ba da kwinin ba, alhali kuwa duba-gari, waɗanda Makarantar Tsabta ta Kano ta soma horarwa tun 1932, suna bin gida-gida suna leƙa randa da kwata, masu lamba kuma suna tare mutane ranar kasuwa sabili da agana. Galibin cututtukan da aka yi wa wannan shiri masu zuwa ne da gaggawa, su kashe ko su saki, saboda haka jama'a suka tashi da fahimtar cewa magani abu ne da ake sha kwana kaɗan a huta.

Bayan taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka yi ittifaƙi cewa lafiya haƙƙi ce da ya wajaba a kai wa talaka har ƙofar gidansa, sai Allah ya kawo Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya zama ministan lafiyar Nijeriya a 1985, ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 domin gwada wannan manufa, ya ɗora al'amarin a wuyan ma'aikatan lafiya na unguwa, 'ya'yan gari masu jin harshen mutanensu. Rigakafi da awon ciki da ruwan gishiri da sukari su ne suka cinye himmarsu, kuma haƙiƙa an ceci yara masu yawa.

Amma hawan jini da ciwon sukari ɗabi'arsu daban ce, domin sukan shekara suna cin mutum a ɓoye yana noma gonarsa, har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye a ce iska ce ta buge shi. Da yake likitoci ba su isa ƙauye ba, a 2014 hukuma ta halatta miƙa wasu ayyukansu ga nas-nas da ma'aikatan unguwa, a 2020 kuma aka fara shirin kula da hawan jini a ƙananan asibitocin Kano da Ogun, inda malama ke ɗaura wa dattijo abin awo a damtse, ta rubuta a katinsa, ta yi masa nasiha a kan gishiri, ta yanka masa ranar dawowa.

Abin da ya rage a wuyan hukuma shi ne kada magani ya yanke, domin manomin da ya biya kuɗin mota ya zo aka ce masa babu, da wuya a sake ganinsa.