Mendoza: Tarihin Gonakin Inabi da Baƙinsu a Gindin Tsaunukan Andis

Lardin Mendoza da ke yammacin Ajantina hamada ne. Ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce milimita 200 da 'yan kai ba, Kano ma kan samu ninki ukun wannan ko fiye. Amma a wannan busasshiyar ƙasa ake yin kusan kashi 70 cikin ɗari na giyar inabin Ajantina, kuma can masu yawon buɗe ido daga Burazil da Amurka da Turai ke tururuwa don su ga gonakin da aka shimfiɗa a gindin tsaunukan Andis, ga Aconcagua mai tsayin mita 6,961 yana leƙo su daga sama. Mai karatu Musulmi ya san hukuncin giya, ba kuwa tallarta muka zo yi ba. Abin da ya sa labarin ya cancanci shafin tarihi shi ne ruwa: wa ya fara jawo shi, wa ke raba shi, wa kuma aka bari da ƙishi.

Turawa ba su ne suka fara noma a wurin ba. Lokacin da Pedro del Castillo ya tsallako daga Chile ya kafa garin Mendoza a 1561, ya tarar da mutanen Huarpe sun riga sun haƙa magudanai suna janyo ruwan dusar ƙanƙarar da ke narkewa daga kan duwatsu zuwa gonakinsu na masara da kabewa. Sifaniyawa suka gaji magudanan, suka faɗaɗa su, suka kwashi da yawa daga masu su zuwa aikin tilas a Chile. Har gobe babbar magudanar da ta ratsa birnin tana ɗauke da sunan wani sarkin Huarpe, Guaymallén. Limaman coci na buƙatar giya don ibadarsu, jigilarta daga Turai kuwa tsada, shi ya sa aka dasa inabi tun da wuri. A manyan gonakin ƙungiyoyin coci, bayin da aka kawo daga Afirka ne ke sassabe, su matse inabin, su gina manyan tulunan da ake zuba giyar a ɗora wa alfadarai da kekunan shanu zuwa Buenos Aires, tafiyar fiye da kilomita 1,000 da ke cin makonni. Jikokin waɗannan bayi na cikin sojojin da Janar José de San Martín ya tara a Mendoza ya tsallaka Andis da su a 1817 don korar Sifaniya daga Chile. Masu zagayawa da baƙi ba su cika tsayawa a wannan babi ba.

A 1853 ne aka shigo da irin da ya yi wa Mendoza suna. Domingo Faustino Sarmiento, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, shi ya matsa a kafa makarantar koyon aikin gona a lardin, aka ɗauko wani Bafaranshe masanin noma, Michel Aimé Pouget, ya shugabance ta. Cikin dashen da ya zo da su har da Malbec, baƙin inabi na kudu maso yammacin Faransa. A gida Malbec bai ji daɗi ba. Ƙwaron filoksera da ya cinye saiwoyin inabin Turai tun daga shekarun 1860 ya yi masa illa, sanyin 1956 kuma ya ƙarasa mafi yawan abin da ya rage a yankin Bordeaux. A Mendoza kuwa, inda rana ke da ƙarfi iska kuma a bushe, sai ya samu wurin zama.

Shekaru kaɗan bayan zuwan Pouget sai garin Mendoza ya rushe. Girgizar ƙasar 20 ga Maris 1861 ta kashe dubban mutane, ta mayar da tsohon garin kufai. Da aka tashi sake gini sai aka yi tituna masu faɗi da filaye da jama'a za su gudu su fake, aka jera bishiyoyi, aka bi kowane titi da lambatu mai kai musu ruwa. Inuwar da baƙo ke sha yau a tsakiyar birnin, babu bishiya ɗaya cikinta da ta fito da kanta.

Jirgin ƙasa ya iso a 1885, tafiyar makonni ta koma ta kwana biyu ko ƙasa da haka. Da shi Italiyawa da Sifaniyawa suka kwararo, akasarinsu talakawa da ba su zo da komai ba sai sanin aikin kuranga. Masu filaye suka ɓullo da wani tsari: a ba iyali gona su kula da ita shekara cur, a ba su ɗaki da ɗan albashi da wani kaso na amfanin. Miji da mata da 'ya'ya duk ma'aikata ne. Wasu sun tara abin da suka sayi tasu gonar. Juan Giol da Bautista Gargantini sun fara a 1896 a Maipú, cikin shekaru kaɗan masana'antarsu ta shiga sahun mafi girma a duniya. Nicola Catena, wanda ya zo daga yankin Marche na Italiya, ya dasa gonarsa ta farko a 1902.

Duk wannan ba zai yiwu ba in da an bar ruwa a hannun mai ƙarfi. A 1884 lardin ya kafa dokar ruwa wadda har yau ita ce ginshiƙi. Dokar ta ɗaure haƙƙin ruwa da fili: ba a sayar da ruwa daban, gona daban. Hukumar ban-ruwa ta lardin tana da cin gashin kanta a ƙarƙashin tsarin mulkin 1916, manoman kowace magudana kuma su ke zaɓar mai sa ido a kanta. A can ƙasa akwai mutumin da suke kira tomero, mai buɗe ƙofar ruwa da rufewa. Shi ke riƙe da jadawali, kowace gona da sa'o'inta gwargwadon faɗinta. Layinka na iya faɗowa ƙarfe uku na dare, dole ka tashi da fitila da shebur, ka fasa bakin kunya, ka bi ruwan layi-layi har ya kai ƙarshen gona, ka toshe kafin lokacin maƙwabci ya shiga. Wanda ya yi barci sai ya jira zagaye na gaba. Da wannan tsari aka raya 'yan yankunan da ba su kai kashi 5 cikin ɗari na faɗin lardin ba, amma a cikinsu kusan kowa ke zaune.

Kusan shekara ɗari ba a damu da baƙi ba, ba a damu da kasuwar waje ba. Mutanen Ajantina na shanye abin da aka yi. Wajen 1970 abin da ake sha ya kai kimanin lita 90 kan kowane mutum a shekara, don haka yawa ake nema. Manoma suka riƙa tuge tsofaffin kurangun Malbec suna dasa iri mai cika kwando. Daga nan sai giyar sha'ir da lemon kwalba suka ƙwace kasuwa, shan ya yi ta raguwa har ya sauko ƙasa da lita 20 a 'yan shekarun nan. Masana'antu suka durƙushe, gonaki suka koma ciyawa. Wanda ke son ya tsira sai ya nemi mai saye a ƙetare, shi kuwa na ƙetare inganci yake tambaya.

Nan ne aka fara hawa dutse. Nicolás Catena Zapata, jikan wancan Nicola, masanin tattalin arziki ne da ya zauna a Kalifoniya a farkon shekarun 1980 ya ga yadda gonakin Napa ke gogayya da na Faransa. Ya lura zafin filayen ƙasa na sa inabi nuna da gaggawa. A 1992 ya dasa gona a Gualtallary cikin kwarin Uco, kusan mita 1,500 sama da teku, inda mutane da dama ke ganin sanyi ba zai bar inabi ya nuna ba. Lissafin mai sauƙi ne. Duk mita 100 da aka hau, zafi na raguwa da fiye da rabin digiri. Rana na dukan 'ya'yan da ƙarfi har fatarsu ta yi kauri, a nan launi da ɗanɗano suke. Dare kuma ya yi sanyi, nunar ta tafi a hankali. Ƙasar tsakuwa ce da duwatsu, ba ta riƙe ruwa, kurangar ta wahala ta ba da 'ya'ya kaɗan masu ƙarfi. Akwai kuma kasada: ƙanƙara kan zubo da rani ta kakkaɓe amfanin shekara cikin minti goma, shi ya sa za ka ga an lulluɓe gonaki da baƙar raga. Ga iskar Zonda mai zafi da ke gangarowa daga duwatsu ta ƙona furanni.

Gonar Catena ta yi kyau, masu kuɗi suka biyo baya: Mijndert Pon ɗan Holan da kamfanin Salentein, Bafaranshe Michel Rolland da abokansa. Magudanan da aka gada ba su kai can sama ba, sai aka haƙa rijiyoyin burtsatse aka shimfiɗa bututun ban-ruwa na ɗigo.

Yawon buɗe ido ya zo ne a kan wannan. Bikin girbi na Vendimia ya daɗe, tun 1936 ake yin sa a hukumance a farkon Maris, da addu'ar sa wa amfanin gona albarka da jerin gwano da zaɓen sarauniya, amma na 'yan gida ne. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne karyewar tattalin arzikin Ajantina a 2001 da faɗuwar darajar peso a 2002. Mai dala ya wayi gari komai ya yi masa araha. Masu masana'antu suka gane baƙon da ya ci abincin rana a gonarka yana kallon dusar ƙanƙara, shi zai koma gida ya yi maka talla kyauta. Aka shiga gasar gine-gine. Catena ya gina tasa da siffar dalar mutanen Maya, Salentein ta haɗa da ɗakin nunin zane-zane. Otal-otal suka tsiro a tsakiyar kurangu, ana hawan doki, ana gasa nama a fili, a Maipú kuma matasa masu ƙaramin ƙarfi na hayar keke su bi gona-gona. A 2005 Mendoza ta shiga ƙungiyar manyan biranen giyar inabi na duniya. Masana'antar Zuccardi ta kwarin Uco ta zo ta ɗaya a jerin gonakin inabin da suka fi dacewa da ziyara a duniya sau uku a jere, 2019 zuwa 2021, Catena Zapata ta karɓa a 2023.

Tsayi kansa ya zama haja. A lardin Salta da ke arewa, garin Cafayate na wajen mita 1,700. Wani attajiri ɗan Suwizalan, Donald Hess, ya sayi tsohuwar gonar Colomé da aka kafa a 1831, ya dasa wata a mita 3,111, ya kuma buɗe gidan nunin ayyukan mai fasahar haske James Turrell a 2009, a wurin da sai an sha sa'o'i kan hanyar burji kafin a kai. Yanzu lambar mita na kan kwalba kamar lambar yabo, ko da yake ba kowace gona mai tsayi ce ke ba da abin kirki ba.

Baƙon da ya zo a Maris zai ga masu girbi, ko da daga nesa. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga arewacin ƙasar da Bolibiya. Mutum na yanke nonnan inabi da almakashi, ya cika bokiti mai cin kusan kilo 20, ya saɓa a kafaɗa ya ruga zuwa mota, ya hau tsani ya juye, a miƙa masa ɗan kwabon shaida. Yawan kwabbanka a ƙarshen mako, yawan kuɗinka. Shi ya sa ba wanda ke tafiya a hankali.

Wanda baƙo ba zai gani ba shi ne na ƙarshen kogi. A arewa maso gabashin lardin akwai tafkunan Guanacache, inda jikokin Huarpe suka rayu da kamun kifi da saƙar kwanduna. Ruwan da ake tarewa a sama ya sa mafi yawansu sun ƙafe, mutanen suka koma kiwon awaki a cikin rairayi. Tun wajen 2010 kuma dusar ƙanƙara ta ragu a kan Andis, lardin ya shafe shekaru a jere cikin dokar ta-ɓaci kan ruwa. Kowace sabuwar rijiya a kwarin Uco, ƙaramin manomin da ke ƙasa na kallonta da ido ɗaya.

Mutanen Mendoza sun san abin da suke tsaye a kai. A 2007 sun yi dokar da ta hana amfani da gubar sayanaid da makamantanta wajen haƙar ma'adinai. A Disambar 2019 sabon gwamna Rodolfo Suárez ya sa majalisar lardin ta sassauta ta. Dubban mutane suka fito, manoma da ɗalibai da 'yan kasuwa, wasu suka tako da ƙafa daga San Carlos a kwarin Uco har birnin, wasu garuruwa suka ce ba za su yi bikin girbi ba. Kafin shekarar ta ƙare, majalisar ta soke gyaran ta maido da tsohuwar doka.