Daga Bawo zuwa Ɗanladi: Abin da Sunaye ke Faɗa a Ƙasar Daura

Rikicin gadon sarauta na farko da labarin Daura ya adana, da sunayen jarirai aka yi shi. Masu ba da labarin Bayajidda sun ce bayan baƙon ya kashe macijin rijiyar Kusugu ya auri Magajiya Daurama, sai ta ba shi kuyangarta, Bagwariya. Bagwariya ta riga uwargijiyarta haihuwa, ta kira ɗanta Karɓagari, kuma duk wanda ya ji sunan ya san inda ta dosa. Da Daurama ta sami nata ɗan, sai ta mayar da martani ta ce sunansa Bawo, wato a bayo garin ga masu shi. 'Ya'yan Bawo shida ne aka ce sun mulki Daura da Katsina da Zazzau da Gobir da Kano da Rano, aka haɗa da Biram aka sami Hausa Bakwai.

Masana suna ta muhawara kan ko an taɓa yin Bayajidda, wasu ma suna danganta sunansa da Abu Yazid, jagoran tawayen Arewacin Afirka da ya mutu a 947. A bar musu wannan. Abin da labarin ya nuna a fili shi ne yadda Bahaushen dā ya ɗauki suna: magana ce, akwai mai faɗa, akwai wanda ake faɗa wa. Wani lokaci addu'a ce, wani lokaci habaici, sau da yawa kuma bayani ne kawai na halin da jariri ya tarar da gidansu.

Jerin sarakunan Daura, wanda H. R. Palmer ya buga a littafinsa Sudanese Memoirs a 1928, ya fara ne da mata: Kufuru, Gino, Yakumo, Yakunya, Gizirgizir, Innagari, har zuwa su Gamata da Shata da Shawata. Babu Balarabiyar kalma ko ɗaya a cikinsu. Innagari kowa ya gane ta. Sauran kuwa harshen ya yi nisa ya bar su, sai dai a yi ta kirdado, kuma ni ban ga amfanin ƙaƙaba musu fassarar da ba ta da madogara ba, kamar yadda wasu ke yi don ƙayatar da baƙi.

Zuwan Musulunci bai share wannan tsari ba, ɗora masa wani aka yi a kai. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso zamanin Sarki Yaji (1349–1385), kuma daga nan sarakunan ƙasar Hausa suka fara tafiya da suna biyu: Muhammadu Rumfa a Kano, Muhammadu Korau a Katsina. A Daura ma haka aka gani ko bayan jihadi, lokacin da Malam Ishaku ya karɓi garin a 1805, tsohon gidan sarauta na Sarkin Gwari Abdu ya fice, zuriyarsa suka zauna a Zango da Baure. Cikin sarakunan Fulanin da suka biyo baya akwai Muhammadu Sani, akwai kuma Muhammadu Altine, sarki guda da sunan ranar Litinin a maƙale da shi. Da sarauta ta koma tsohon gidan a farkon mulkin Turawa, sunayen sun riga sun zama na malamai tsantsa: Malam Musa, Abdurrahman (1911–1966), Muhammadu Bashar (1966–2007), sai Faruk Umar Faruk da ya hau a 2007.

Yadda ake raɗa sunan yanka bai sauya sosai ba. Uba ko malami ya yi wa jariri huɗuba a kunne tun ranar haihuwa, a riƙe sunan a ciki. Ran bakwai da sassafe maza su taru a ƙofar gida, a raba goro, liman ya yi addu'a, a yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da suna, wanzami ya yi aski. Sunan da ke fitowa a nan na annabi ne, ko sahabi, ko matan gidan Manzon Allah (SAW), ko ɗaya daga cikin sunayen da ke farawa da Abdu. Uban da ke son kowane ɗansa ya zama Muhammadu sai ya bi su da ƙidayar Larabci: Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, har Ashiru na goma. Bakin Bahaushe kuma ya tausasa sauran. Abubakar ya zama Garba ko Habu, Umar ya zama Sanda, Musa Kalla, Yusuf Maitama, Usman kuwa Shehu, don girmama Ɗanfodiyo. A'isha ta zama Indo, Hauwa Kulu, Khadija Dije, Fatima Binta.

To amma da zarar maza sun watse, sai cikin gida ya yi nasa hukuncin, kuma a nan ne tsofaffin sunaye suka sami mafaka. Kunya ce ta cece su. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Matar gida ba ta faɗin sunan surukinta, balle ta ƙwala shi a tsakar gida tana yi wa yaro faɗa. Idan an mayar wa jariri sunan kakansa, dole a nemo abin kiransa: Abba, Baba, Babangida, ko Ummi, Uwani, Inna. In ba wannan ba, sai kaka ta duba ranar. Lahadi ta ba da Ɗanladi da Ladi, Talata Ɗantala da Talatu, Laraba Balarabe da Larai, Alhamis Ɗanlami da Lami, Juma'a Ɗanjuma da Jummai, Asabar Ɗan'asabe da Asabe. Ko ta duba lokaci: Ɗan'azumi, Sallau, Tasalla, Marka da aka haifa ruwa na tsakiyar zuba, Nomau da ya zo ana noma. Ko ta duba jerin ɗakin: Tanko ƙanen mata, Kande ko Delu da ta biyo maza, Gambo mabiyin tagwaye, Auta na ƙarshe. Gidajen Fulanin Daura suna da nasu, Dikko ɗan fari, Sambo mai bi masa.

Waɗanda suka fi taɓa zuciya su ne sunayen 'ya'yan wabi, wato matar da take haihuwa 'ya'yan suna mutuwa. Irin wannan uwa idan ta sake haihuwa, ba ta yarda ta nuna so a fili. Sai a kira yaron Ajuji, kamar abin da aka yar a juji ba mai nema, ko Ayashe, ko Bawa, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Wata kuma ba ta iya wannan ɓoye-ɓoye, sai ta fito da roƙonta ƙarara: Abarshi, Abarta, Barmani. Talle maraya ne. Tunau shi ne wanda ya zo bayan an daɗe ana jira, har an fara fid da rai. Malamai sun daɗe suna ƙyamar camfin da ke bayan wasu daga cikin waɗannan, kuma suna da hujjarsu. Duk da haka, wanda ya zauna ya saurari irin waɗannan sunaye a ƙauyukan Sandamu ko Mai'adua ko Baure, ya ji tarihin mace-macen ƙananan yara da babu wani ofishi da ya rubuta, ya kuma ji shi daga bakin matan da abin ya faɗa wa.

Sanannen ɗan Daura a wannan zamani, marigayi Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a 1942 aka binne shi a garin a watan Yulin 2025, ya ɗauki sunan Imam Muhammad ɗan Isma'il, mai tattara hadisai, da ya rayu daga 810 zuwa 870. Buhari nisba ce ga birnin Bukhara da ke ƙasar Uzbekistan ta yau. Haka sunan wani gari na tsakiyar Asiya ya bi littafi ya ratso Sahara, ya zama sunan yara a Daura, kamar yadda Tijjani da Jilani suka biyo ɗariƙu. Boko kuma ta kawo nata salon. Rajistar makaranta tana neman suna na biyu, yara kuma da yawa suna jin nauyin a riƙa kiran sunan mahaifinsu a bainar jama'a, sai aka liƙa musu garinsu. Ta haka aka sami Mamman Daura da Sani Zangon Daura, kamar yadda aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari.

Yau alkunyar tana nan, amma kayan cikinta sun sauya. Yaron da aka mayar wa sunan kaka ana ce masa Walid ko Khalifa ko Amir, yarinya kuma Ihsan ko Amira, wasu ma daga waya ake tsinto su ba tare da an tambayi malami ma'anarsu ba. Ba laifi ba ne uba ya so wa ɗansa suna mai daɗin ji. Abin da ke damuna shi ne yadda aka fara ɗaukar Tanko da Kande a matsayin sunayen ƙauyanci, abin sa wa ɗan barkwanci a fim. Sabon sunan ba ya gaya maka komai game da mai shi. Tsohon kuwa yana faɗa maka ranar haihuwa, ko yanayin shekara, ko su wa suka riga shi zuwa, ko su wa aka binne kafin shi. Takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa ba su tambayar wannan, sunan yanka da na uba suke nema.

Maƙwabtan da suka ari waɗannan sunaye daga Hausawa su ne yanzu suka fi riƙe su a takarda. A Kudancin Kaduna da Filato da Taraba, Ɗanladi da Asabe da Talatu sunaye ne na sosai, da su ake shiga makaranta, da su ake karɓar albashi. Janar Theophilus Yakubu Ɗanjuma Bajukune ne daga Takum. Matar da ke bayan takardar naira 20 tana ginin tukunya, Ladi Kwali, daga ƙasar Gwari ta fito.