Daga raƙuman Damargu zuwa motocin Agadas: tarihin ƙwace dukiya ba tare da shari'a ba

Bayan shirinmu na rediyo, da yawa sun aiko da tambaya iri ɗaya: shin hukuma na da ikon karɓe kuɗin mutum ko dabbarsa ko motarsa, alhali ba a kai shi gaban alƙali ba? To, tambayar ta girme mu duka. Bari mu koma baya kaɗan.

A ƙarshen shekarar 1899 ayarin sojan Faransa na Foureau da Lamy ya sauko daga Agadas, ya ratsa Damargu, ya nufi Damagaram. Raƙuman da suka taso da su daga Aljeriya sun mutu a hanya. A Agadas sai suka tsare rijiyoyin gari, har sai da aka kawo musu dabbobin ɗaukar kaya. Ba a ce masu raƙuman sun yi laifi ba. Laifinsu ɗaya, suna da abin da mai bindiga ke so.

Da mulkin Nasara ya zauna, sai abin ya samu suna a takarda: réquisition. Komandan na bukatar raƙuma don kai kaya, ko hatsi don ciyar da soja, sai ya aika wa sarki, sarki ya aika wa mai gari, mai gari ya shiga gida-gida. Damargu kuwa rumbun gero ce, ga ta bisa hanyar ayari tsakanin Kano da Agadas, don haka hannun ya yi ta faɗowa kanmu. Ga kuma dokar indigénat, wadda ta ba komandan iko ya ci mutum tara ko ya rufe shi na kwanaki, ba alƙali, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara. Shi ne mai ƙara, shi ne mai yanke hukunci.

Mutane sun jure har yunwar 1913 zuwa 1914 ta zo ta cinye abin da ya rage. Karɓar raƙuma a irin wannan hali na cikin abin da ya hura wutar tawayen Kawsan, wanda ya yi wa sojan Faransa ƙawanya a Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917. Da aka murƙushe tawayen, an kashe mutane, an kwashe dabbobi, kuma ba a tsaya tantance mai laifi da marar laifi ba. Sai a 1946 aka soke indigénat da aikin tilas. Kusan shekara hamsin ke nan kakanninmu na noma da kiwo ba su da tabbacin abin hannunsu nasu ne.

Bayan ƴancin kai na 1960, takarda ta canza. Tsarin mulkin 2010 ma ya faɗa ƙarara cewa ba a raba mutum da dukiyarsa sai don amfanin jama'a, kuma sai an fara biyansa diyya ta adalci. Amma mu tuna abin da ya faru a idonmu. A watan Mayun 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure. Daga 2016 aka shiga kama direbobi, aka tsare motocinsu a Agadas. Wasu an yi musu shari'a, gaskiya ne. Sai dai motar da ta daɗe ajiye a rana da ƙura, ko an ce zo ka ɗauka, me ya rage a jikinta? Mu da ke kan hanyar Damagaram zuwa Agadas mun san gidajen da mota ɗaya ce ke ciyar da su. A Nuwamban 2023 aka soke dokar, aka shafe hukuncin da aka yanke a ƙarƙashinta. Shekarun da aka yi ba aiki kuwa, ba wanda zai maido su.

Kada mu ɗauka namu ne kaɗai. A Amurka akwai tsarin da hukuma ke kai ƙarar kuɗin, ba mai kuɗin ba. Akwai shari'ar da aka yanke a 2006 wadda sunanta ma shi ne gwamnatin Amurka da dala 124,700. An samu kuɗin a motar wani mutum, ba a tuhume shi da laifin ƙwaya ba, amma kotun ɗaukaka ƙara ta bar wa hukuma kuɗin.

Ba muna cewa a ƙyale ɓarawo ba ne. Ai da aka kafa hukumar COLDEFF a 2023 don maido da dukiyar ƙasa da aka wawure, talaka ya yi murna, don shi ne bai samu magani a likita ba, shi ne ɗansa ke karatu cikin rumfar kara. Abin da tarihi ya nuna mana shi ne, wuƙar da aka wasa don babban ɓarawo, in ba alƙali a tsakani, wata rana wuyan ɗan kasuwa za ta hau.

Mu nan yawancinmu ba mu da asusu a banki. Mutum ya sayar da shanu biyu ko buhunan gero a kasuwa, kuɗin na cikin aljihu ya hau mota. Riƙe kuɗi ba laifi ba ne. Don haka in an tsayar da kai a shinge aka ce za a riƙe wani abu naka, kada ka yi faɗa, kada kuma ka tafi hannu wofi. Nemi takarda mai sa hannu da tambari, wadda ta faɗi abin da aka karɓa, da yawansa, da ranar, da ofishin da aka kai shi. Ka riƙe takardar cinikin dabba da ake bayarwa a kasuwa. Ka sa abokin tafiya ya zama shaida. Daga nan ka sanar da mai gari, ka nufi kotu a Tanut. Kakanninmu ba su da wannan ƙofa. Mu muna da ita, sai mu ƙwanƙwasa.

Dattawanmu da suka ji labarin zamanin komandan daga bakin iyayensu, muna roƙon ku ba mu shi tun kuna nan, mu sa a shiri na gaba. Allah ya tsare mana gumin goshinmu, ya ba shugabanni ikon yin adalci. Amin.