Haƙorin Baba mai gadi, da tarihin yadda aka bar bakin talaka a baya

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai bayan Isha.

Litinin ta makon jiya na isa ofis na tarar da Baba mai gadinmu zaune a kan benci, ya naɗe fuska da rawani har kunne, ga zafi ana zubawa. Na ce, "Baba, lafiya kuwa?" Ya kwance rawanin, sai ga kumatun hagu ya kumbura har ya fara danne ido. Ya ce, "Yallaɓai, haƙori ne, yau kwana tara ban rintsa ba." Ya danna kanumfari, ya kurkure da ruwan gishiri, ya sayi kafso a kemis, har wani ya ba shi shawarar ya ɗiga ruwan batir a kogon, Allah ya taimaka bai yi ba. Da na tambaye shi me ya hana shi zuwa asibiti, sai ya ce kuɗin kati da na cirewa da na magani, in aka haɗa, hatsin gidansa ne na sati biyu.

Abin da ya dame ni shi ne, a cikin shekarar nan ni ma na je an cike mani kogon haƙori, kuma abin da na biya daga aljihuna bai taka kara ya karya ba, saboda ina da katin inshora da ake cirar kuɗinsa a albashina. Ƙofa ɗaya muke shiga ni da Baba kullum. Ni sunana yana cikin takardar albashi, shi ɗan wucin gadi ne. Shi ya sa na zauna na bi tarihin abin, in ga daga ina aka raba mu.

A ƙasar Daura, kafin asibiti, haƙori na hannun wanzami ne. Shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke kaciya da cire beli, in matauni ya yi girgiɗi ko ya hana barci shi ke fizge shi. Akwai kuma masu cewa tsutsa ce ke cin haƙori, su turara maka hayaƙi a baki, su nuna maka wasu 'yan farare a ƙwaryar ruwa su ce ga ta nan ta fito. Na ga wannan da idona ina yaro a kasuwar Mai'adua. Amma kada mu raina kakanninmu. Suna da aswaki, addini ya kwaɗaitar da shi, mutum na iya goge baki sau biyar a yini, sukari kuma ba abin kowa ba ne a lokacin. Fura da tuwon gero ba sa yi wa haƙori irin ɓarnar da alawa da lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu ke yi wa 'ya'yanmu yanzu. Kuma wanzami ba ya korar mutum don ba shi da kuɗi. Damin gero ne in kaka ta yi.

Da Turawa suka zo, asibitinsu na farko don kansu ne da sojojinsu da ma'aikatansu. Talaka sai daga baya ya samu ɗakin shan magani na En'e, wanda ake gudanarwa da kuɗin baitulmali, wato haraji da jangalin da shi talakan ya biya. A zamanin Sarki Abdurrahman, wanda ya yi sarautar Daura daga 1911 zuwa 1966, aka saba da malamin asibiti mai wanke gyambo da ba da maganin zazzaɓi. Likitan haƙori kuwa babu shi a wannan lissafi. 'Yan kaɗan ɗin da gwamnatin mulkin mallaka ke da su suna manyan garuruwa. Ku lura da wannan, domin tun daga nan aka aza tubalin: ma'aikacin gwamnati a gaba, sauran jama'a in an samu rara.

Ko bayan samun 'yancin kai ba a yi sauri ba. Makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a Najeriya a Jami'ar Legas aka buɗe ta a 1966. Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya a shekarun 1970. Duk faɗin Arewa babu ko ɗaya sai bayan shekara ta 2000, lokacin da Maiduguri ta fara, sannan Jami'ar Bayero ta Kano. Wato kusan shekara arba'in, ɗan Baure ko Zango da ke son wannan karatu sai ya tsallaka Kwara, wanda ya gama kuma da wuya ya dawo ƙauye. Duk mai mamakin ƙarancin likitocin haƙori a asibitocinmu, ga asalin.

Ita kanta maganar inshorar lafiya tsohuwa ce. A 1962 Ministan Lafiya Dokta Moses Majekodunmi ya kai ƙudiri majalisa don a fara ta a Legas, bai samu shiga ba. Sai kuɗin mai ya zo a shekarun 1970, aka shiga zamanin magani kyauta a asibitin gwamnati, kowa ya manta. Iyayenmu har gobe suna ba da labarin lokacin da za a kwantar da mutum a ba shi magani da abinci bai biya sisi ba. Da farashin mai ya faɗi, Babangida ya kawo SAP a 1986, a 1987 kuma ministocin lafiya na Afirka suka amince da tsarin Bamako, inda majiyyaci zai sayi magani a juya kuɗin a sake saro wani. A shekarar ce aka ƙirƙiro Jihar Katsina, don haka sabuwar jiharmu ta buɗi ido ne a zamanin "je ka sayo". Mu 'yan shekara arba'in da wani abu, mun tuna magungunan PTF a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Janar Buhari ke shugabantar asusun. Sun taimaka, amma ƙwaya ba ta cike kogon haƙori.

A 1999 gwamnatin Janar Abdulsalami ta yi Doka ta 35 da ta kafa NHIS. Sai da aka shekara shida kafin Obasanjo ya ƙaddamar da ita a watan Yunin 2005. Da wa aka fara? Da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Dalilin a fili yake: mai albashi ne ake iya cirar kuɗinsa tun daga tushe. A tsarin ma'aikata an sa wasu ayyukan haƙori, kamar dubawa da wankewa da cikewa da cirewa, an bar masu tsada irin su dashen haƙori. Manomi da ɗan tireda da ɗan acaɓa da mai gadi irin Baba, an ce su shiga in suna so. Shekara goma sha biyar bayan farawa, ba a kai ko mutum ɗaya cikin goma na 'yan ƙasa ba, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye.

Gaskiya an yi yunƙurin gyara, kuma ya kamata a faɗa. A 2014 Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF. Kuɗin bai shiga kasafi ba sai 2018. A zamanin Gwamna Masari aka kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharmu, KATCHMA. A watan Mayun 2022 kuma Buhari, Allah ya jiƙansa, ya sa hannu a dokar NHIA, wadda ta mayar da inshorar lafiya dole, ta kuma tanadi asusun marasa galihu da aka ce zai ɗauki mutum miliyan 83. Ɗan Daura ne ya sa wannan hannu, kuma ina ganin tana cikin manyan dokokin da ya bari, ko da ba a cika ambatonta ba.

To amma ina haƙori a ciki? Jerin farko na ayyukan da asusun BHCPF ya ɗauka ya fi karkata ga awon ciki da haihuwa, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, zazzaɓin cizon sauro, da gwajin hawan jini da ciwon suga. Ba na ganin laifin wanda ya tsara haka. In kuɗi kaɗan ne, ran mai naƙuda yana gaba. Inda nake da ja shi ne tunanin da ke ƙarƙashi, cewa ciwon baki ba ya kisa, kwalliya ce, irin ta haƙorin Makka. Kuma ko an rubuta haƙori a takarda, asibitin matakin farko na mazaɓa da ba shi da kujerar haƙori, ba shi da wanda ya koyi aikin, me zai yi? Zai rubuta maka takarda ka tafi babban asibiti. Daga ƙauyukan bakin iyaka na Baure ko Kongolam, tun bayan cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota zuwa da dawowa ma kaɗai ya isa ya sa mutum ya koma ga kanumfari.

Wanda ke ganin ciwon baki ba ya kisa, ya je Sakkwato. Tun 1999 akwai asibiti guda a can da aka gina don cutar noma, wadda a ƙauyuka wasu ke kira ciwon iska, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF na taimaka masa tun 2014. Cutar tana farawa ne da kumburin dasashi da warin baki a yaro ɗan shekara biyu zuwa shida, galibi mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda. Cikin 'yan kwanaki sai ta huda kumatu, ta ci leɓe da hanci da ƙashi. In ba a yi magani ba, har tara cikin goma na iya mutuwa. In an gano ta da wuri kuwa, wanke baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Najeriya ce ta jagoranci neman Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, aka amince a watan Disambar 2023. Cuta ce ta yankinmu na Sahel, ta 'ya'yan da babu wanda ya taɓa cewa su buɗe baki a duba.

Don kada a ce mu kaɗai ne, ko a ƙasashen da muke koyi da su haƙori ne ake fara yarwa in jirgi ya yi nauyi. Ingila ta fara asibiti kyauta ga kowa a 1948, har da haƙori. Mutane suka yi tururuwa neman haƙorin roba, kuɗi ya yi yawa, ga kashe kuɗin makamai saboda yaƙin Koriya. A 1951 gwamnati ta sa kuɗi a kan haƙorin roba da tabarau, Aneurin Bevan, wanda shi ya kafa tsarin, ya yi murabus daga minista saboda haka. Ka ji fa, minista ya ajiye kujera a kan haƙorin talaka! Kanada kuma tun shekarun 1960 take da inshorar lafiya ta gwamnati, amma ta bar haƙori a waje, sai a Disambar 2023 ta buɗe shiri na musamman ga waɗanda ba su da inshorar kamfani kuma kuɗin shigar iyalinsu bai kai dalar Kanada 90,000 a shekara ba. Abin da ya burge ni a nasu ba yawan kuɗin ba ne. Sun fara ne da tambayar wa aka bari a waje, mu kuma tun zamanin En'e da tambayar wa ke cikin takardar albashi muke farawa.

Ba na cewa Katsina ta yi irin na Kanada, ba mu da aljihun. Amma akwai abin da bai fi ƙarfinmu ba. Ba kowane ciwon haƙori ke buƙatar cikakken likita ba. Akwai ma'aikatan jinyar haƙori masu matsakaicin karatu da za su iya wankewa, su cike ƙaramin kogo, su gane wanda ya kamata a tura gaba. Muna da makarantar koyon aikin lafiya a nan cikin Daura. Ƙananan hukumomi biyar ne a masarautar: Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure. Kujera ɗaya mai aiki da ma'aikaci ɗaya a kowace, da rubuta cirewa da cikewa ɓaro-ɓaro cikin abin da katin marasa galihu ya ɗauka, ba kuɗin titi ɗaya ba ne. Masu allurar rigakafi da ke bi gida-gida kuma a koya masu ɗaga leɓen yaro su duba dasashi, minti ɗaya ne. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma ba a ɗaure kuɗin ga lafiya ba, ya tafi babban asusu. In akwai kuɗin da ya fi cancanta ya koma bakin yara, wannan ne.

Shi Baba, mun yi karo-karo a ofis, mu shida. An cire masa matauni biyu, domin na kusa da shi ma ya riga ya tafi, likita ya ce da ya ƙara kwana uku sai an kwantar da shi. Na yi ƙoƙarin a sa sunansa cikin masu kati. Yana da lambar NIN, amma inda muka je aka ce gurbin mazaɓarsu ya cika, sai an sake buɗe rajista.

Jiya ya dawo aiki, yana nuna wa kowa giɓin yana dariya. Da zan tashi sai ya biyo ni har gindin mota ya ce, "Yallaɓai, jikana ɗan wajen 'yata, shekararsa uku, bakinsa na wari, dasashin na jini in ya ci abinci. Ko shi ma kanumfarin za a sa masa?" Na ce kada a sa masa komai, gobe ƙarfe bakwai ya kawo shi ƙofar gidana mu tafi tare.