Karatun binciken jinya da annobar gubar dalma a yammacin Zamfara

Binciken jinya shi ne nazarin da ake gudanarwa a kan marasa lafiya, da yardarsu, domin a tabbatar ko wani magani ko wata hanyar kula da majinyata na da amfani, a kuma gano illar da ke tattare da ita. Akasari ana karanta fannin ne a matakin digiri na biyu, kuma masu shiga cikinsa sun haɗa da likitoci da ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna da ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje, wasu suna bakin aiki, wasu kuwa ba su jima da kammala digirin farko ba.

A arewacin Nijeriya, abin da ya auku a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara yana cikin al'amuran da suka fi fito da muhimmancin wannan ilmi a fili.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mace-macen ƙananan yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaran na fama da amai da jijjiga, abin da ya sa aka fara zargin sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro, amma magungunan waɗannan cututtuka ba su yi tasiri ba. Sai da aka auna jini aka gano cewa gubar dalma ce, daga ƙurar duwatsun zinariya da ake daka su ana niƙawa a cikin gidaje. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka rasu.

Ayarin da ya bi gida-gida a ƙauyuka biyu a watannin Mayu da Yuni na shekarar, wanda ya ƙunshi jami'an Nijeriya da na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ya gano cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara 5 sun mutu a shekara guda. Daga cikin yara 204 da aka auna jininsu, kashi 97 cikin 100 suna da dalmar da ta kai maikirogiram 45 ko fiye a kowane desilita na jini, wato matakin da ake fara ba da maganin fitar da guba. Na'urar tafi-da-gidanka da aka zo da ita ba ta iya karanta abin da ya haura 65, ga shi kuma yara da dama sun zarce hakan, don haka sai da aka ɓullo da dabarar tsarma jinin kafin a auna, aka kuma gwada sahihancin dabarar ita ma.

Daga nan wata tambayar ta taso. Maganin da MSF ta yi amfani da shi, DMSA, sananne ne, amma babu cikakken bayani a kan yadda yake aiki a jikin yara masu yawa haka, da gubar ta yi musu yawa haka, a ƙauyukan da ba wutar lantarki. Rahoton da aka wallafa a mujallar PLOS Medicine a 2014 ya bi diddigin zagayen magani 3,180 da aka yi wa yara 1,156, ya kuma nuna cewa gubar ta fi raguwa a jikin yaran da suka sha maganin a gaban ma'aikacin lafiya. Wannan sakamako ya fito ne daga takardun da ake cikewa kullum a asibiti: nauyin yaro, ranar shan magani, awon jini kafin da bayan. In da an cike su da ganganci, da babu abin da za a wallafa.

Irin wannan aiki ne ake koyarwa a karatun. Ɗalibi yana koyon yadda ake tsara tambaya, da yawan mutanen da ake bukata kafin a amince da sakamako, da ilmin ƙididdiga, da adana bayanai. Yana kuma koyon bambancin da ke tsakanin nazari irin na Zamfara, inda aka waiwayi bayanan da aka riga aka tara, da gwajin da ake raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a domin a kwatanta. Gwajin ƙuri'a ya fi ƙarfin hujja, sai dai ba ko'ina ya halatta ba: babu mai hankalin da zai hana yaron da ke jijjiga magani domin a samu abin kwatance.

Batun halasci yana da tarihi mai ɗaci a ƙasar Hausa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, kamfanin kuma ya musanta aikata laifi, kafin a sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75 a 2009. A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma wajibi ne kowane bincike ya samu amincewar kwamitin ɗa'a, gwajin magani kuma ya samu izinin hukumar NAFDAC. Ga mai bincike a Bagega ko Dareta, wannan na nufin yi wa uwa bayani da Hausar da za ta gane, da sanar da ita cewa tana da ikon ƙin yarda ba tare da an hana ɗanta kulawa ba.

Hanyoyin shiga fannin sun bambanta. Likitocin da ke neman ƙwarewa sai sun rubuta kundin bincike kafin su kammala jarrabawar kwalejojin ƙwararru ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Akwai kuma shirin NFELTP da aka kafa a 2008, na shekara 2, wanda aka tsara domin ma'aikatan gwamnati, inda ɗalibi ke shafe mafi yawan lokacinsa a fagen aiki, ya kuma samu digiri na biyu daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Ibadan. Ɗaliban wannan shiri na cikin waɗanda suka yi aikin binciken dalma a Zamfara.

A Kano, Jami'ar Bayero na da cibiyar ACEPHAP da Bankin Duniya ya tallafa wa, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta jami'ar na cikin jagororin gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na ƙasashen Afirka 4, ya kuma nuna cewa auna jinin da mai haihuwa ke zubarwa da ba ta magani da wuri na rage munanan sakamako da kashi 60 cikin 100. Wanda ba zai iya barin wurin aikinsa ba kuwa, makarantar LSHTM ta Landan na ba da digiri na biyu a gwajin magunguna ta intanet, cikin shekara 2 zuwa 5, ko da yake kuɗin makarantar, da ake biya da fam, ya fi ƙarfin albashin yawancin ma'aikatan jiha. Jami'o'in gida kan nemi takardar bautar ƙasa daga sababbin masu digiri.

Abin lura shi ne, waɗanda suka jagoranci rubuta manyan rahotannin farko a kan annobar ma'aikatan CDC da MSF ne, duk da cewa akwai 'yan Nijeriya a cikin marubutan. A 2022 MSF ta miƙa aikin kula da masu gubar dalma ga hukumomin Zamfara, a watan Disamba na 2024 kuma gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sanya wa jihar a 2019. Dalma na daɗewa a cikin ƙashi, tana kuma iya komawa jini lokacin goyon ciki har ta isa ga ɗan tayi, ga shi 'yan matan da aka yi wa magani suna ƙanana a 2010 sun kai shekarun aure.