Keta, Garin da Teku Yake Ci

Matafiyin da ya tashi daga Legas zuwa Akara ta hanyar mota zai ratsa ƙasar Benin da Togo, ya shiga Gana ta garin Aflao. In ya ɗan yi gaba ya karkata hagu a Denu, ya bi bakin teku, hanya za ta kai shi wani tsohon gari mai suna Keta. Garin yana zaune bisa wani siririn zirin yashi. Ta kudu Tekun Atlantika ne, ta arewa kuwa wani babban tafki mai ruwan gishiri, wanda babu kamarsa wajen girma a bakin tekun Gana. A wasu wurare mutum yana iya tsayawa bisa hanya ya ga ruwan nan biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Tsofaffin garin sukan miƙa hannu wajen teku su ce can ne gidan da aka haife su, can ne makarantarsu, can ne kabarin kakansu. Baƙo zai duba, ba zai ga kome ba sai raƙuman ruwa.

Mutanen wurin Anlo ne, wani reshe na kabilar Ewe. Tarihin baka ya ce kakanninsu sun gudo ne daga birnin Notsie, cikin ƙasar Togo ta yanzu, saboda muguntar wani sarki mai suna Agokoli. Da suka iso bakin teku suka sa wa wurin suna Keta, wato "kan yashi" da harshensu. Mai karatu zai iya tuna misalin mutumin da ya gina gidansa bisa yashi, ya ce ai ga shi nan. Amma kada a yi saurin yanke musu hukunci. Yashin da suka zauna a kansa ba matacce ba ne. Kullum teku yana kwashe wani, kullum kuma ana kawo sabo. Muddin abin da ke shigowa ya yi daidai da abin da ke fita, ƙasa tana nan daram. Labarin Keta labari ne na yadda wannan ma'auni ya karkace.

Ga yadda abin yake. Kogin Volta yana tasowa daga ƙasar Burkina Faso, ya ratsa Gana daga arewa zuwa kudu, ya faɗa teku kusa da garin Ada, yamma da Keta. Da damina yakan ɗauko yashi da laka mai yawan gaske ya zuba a bakinsa. Raƙuman teku kuma a wannan yanki ba sa bugun gaɓa kai tsaye. Daga kudu maso yamma suke zuwa, a karkace, saboda haka kowane bugu yana ɗan tura yashi zuwa gabas. Da kaɗan da kaɗan yashi yake tafiya daga Gana zuwa Togo, daga Togo zuwa Benin, har Legas. Masana sukan kwatanta shi da wani kogi na yashi mai gudu a gefen teku, wanda bai san iyakar ƙasa ba. Duk garin da ke bakin wannan kogi yana cin abin da maƙwabcinsa na yamma ya sako masa.

Wurin ya yi wa mutane albarka. Suna kama kifi a teku da manyan taruna, suna kama karfasa da ƙaguwa a tafki. Da rani, in ruwan tafki ya janye, sai gishiri ya kwanta a ƙasa, mata su kwashe. Gishirin wannan yanki, na Ada da na Keta, ana ɗaukarsa zuwa arewa har kasuwannin Kete Krachi da Salaga, inda fataken Hausa suke zuwa sayen goro. A wajen Anloga kuwa manoma suna noman ƙananan albasa cikin yashi, suna ba su ruwa daga rijiyoyi marasa zurfi.

Turawa ma sun ga amfanin wurin. A shekarar 1784 mutanen Danmak suka gina kagara a Keta, suka sa mata suna Prinzenstein. A cikinta aka riƙa tsare bayi kafin a ɗora su a jirage. A 1850 Danmak ta sayar wa Ingila dukan kagarunta na wannan gaɓa. A 1853 masu bishara na mishan ɗin Bremen, daga ƙasar Jamus, suka kafa tasha a Keta, daga nan aikin makarantu da rubuta harshen Ewe ya yi ƙarfi. Mishan ɗin Katolika ya iso a 1890. Kamfanonin ciniki suka gina shaguna da ɗakunan ajiya a bakin ruwa. Manyan jirage sukan tsaya can nesa, jiragen kwalekwale su riƙa jigilar kaya ta cikin raƙuman ruwa. Keta ya zama babban gari na ciniki da ilimi a gabashin ƙasar.

Wajen shekarar 1907 aka fara kuka da cewa teku yana matsowa. Wannan yana nuna cewa zaizayar ta girmi manyan ayyukan da za a ambata a gaba, gama siffar gaɓar a daidai Keta tana sa raƙuman ruwa su yi ƙarfi. Cikin shekarun da suka biyo teku ya ci shagunan kamfanoni da titunan da ke gaba. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta kawo wani injiniya Bature mai suna Coode domin ya duba. Ya auna, ya yi lissafi, ya ce kuɗin kāre garin ya fi ƙarfin abin da za a kāre, gara mutane su tashi su koma wani wuri. Gwamnati ta ji daɗin wannan shawara, gama ba ta bukatar kashe kuɗi. Mutanen Keta kuwa suka ƙi. Masunci ba ya zama nesa da ruwa, ɗan kasuwa ba ya barin kasuwarsa, kuma ba abu mai sauƙi ba ne mutum ya bar kaburburan iyayensa. Bayan samun 'yancin kai, wajen 1960, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa katanga ta faifayen ƙarfe a gaban garin. Ruwan gishiri ya sa ta yi tsatsa, ba da daɗewa ba ta lalace.

Sa'an nan abubuwa biyu suka auku kusan lokaci ɗaya. A 1962 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Tema, kusa da Akara, aka rufe ta Keta. Ciniki ya koma can, darajar garin ta ragu a idon gwamnati. Na biyu shi ne madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka fara ginawa a kan kogin Volta a 1961, aka gama a 1965. Ruwan da aka tare ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500. Mutane wajen 80,000 aka tayar daga garuruwansu, har tsohon garin Kete Krachi, mai babban zangon Hausawa, ruwa ya rufe shi. Waɗannan an ƙidaya su, an gina musu sababbin ƙauyuka, ko da yake da yawansu ba su ji daɗin wuraren ba. Amma ba a sa mutanen Keta cikin lissafi ba, tun da yake suna can nesa, ƙasa da madatsar. Ruwan kogi yana wucewa ta cikin injunan lantarki ya ci gaba da tafiya. Yashi kuwa ba ya wucewa. In ya iso tafki sai ya kwanta a ƙarƙashin ruwa. Mafi yawan yashin da Volta ke kai wa teku a dā ya tsaya ke nan. Teku bai daina kwasa ba, kogi ne ya daina kawowa.

A 1980 wani masani mai suna Ly ya buga bincikensa a kan wannan al'amari. Ya gwada tsofaffin taswirori da hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, ya nuna cewa bayan gina madatsar cin ƙasa ya ƙaru a gabashin Gana, har ya kai mita 8 a shekara a wasu wurare kusa da Keta. Cikin wannan shekara ta 1980 teku ya rushe babban sashi na kagarar Prinzenstein, shekara ɗaya kawai bayan da aka sa kagarun Gana cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Majami'u da makarantu da gidaje masu bene suka bi. Ƙauyukan Vodza da Kedzi, gabas da Keta, suka kusa ƙarewa, hanyar mota ta yanke. Ana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan ba haka ya zama ba. Wutar lantarki ta tafi Akara da Tema, har Togo da Benin, zafin kuwa ya zube a Keta.

Sai a ƙarshen mulkin Jerry Rawlings aka fara babban aikin kāre garin, aka gama shi a 2004, da kuɗi fiye da dala miliyan 80. An jera manyan duwatsu a gaban kagarar. An gina wasu dogayen katangun duwatsu masu shiga cikin teku kamar yatsun hannu, domin su tare yashi mai wucewa. An haƙo yashi daga cikin tafki aka cike wurare domin mutane su sake gina gidaje. An yi sabuwar hanya daga Keta zuwa Havedzi, da ƙofar da za a riƙa sakin ruwan tafki in ya yi yawa. Aikin ya yi amfani ƙwarai. Gaɓar Keta ta tsaya, a wasu wurare ma yashi ya ƙaru.

To, amma yashin da yatsun nan suka tare rabon wani ne. Ƙauyukan da ke gabas, kamar Blekusu da Agavedzi da Salakope da Amutinu da Adina, su ne suka fara ganin teku a ƙofar gida. Aka sake gina wasu katangun a Blekusu, damuwa ta ƙara matsawa gaba. A watan Nuwamba na 2021 teku ya haura cikin dare ya shiga ƙauyukan wannan yanki, dubban mutane suka rasa wurin kwana. Ya sake yin haka a Agavedzi a farkon 2025, a cikin shekarar kuma gwamnati ta ƙaddamar da kashi na biyu na aikin Blekusu. A yamma da Keta, kusa da bakin Volta, akwai wani ƙauyen masunta mai suna Fuveme. Farfesa Kwasi Appeaning Addo na Jami'ar Gana da abokan aikinsa sun riƙa ɗaukar hotonsa da ƙananan jirage marasa matuƙi, suna gwadawa da tsofaffin hotuna. Sun tarar cewa tsakanin 2005 da 2017 fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙasar wurin ya tafi. Daga baya mutanen suka tashi, tsohon ƙauyen ya zama ruwa.

Binciken masana ya nuna akwai wasu hannuwa cikin wannan ɓarna. Ruwan teku a duniya duka ya ɗaga da kimanin santimita 20 tun daga 1900, saboda ɗumamar duniya. Masu gini suna ɗiban yashi daga gaɓa da manyan motoci. A bakin Volta akwai wasu itatuwa masu tsiro cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu suna riƙe laka, ƙananan kifaye suna girma a ƙarƙashinsu. Ana sare su domin ƙyafe kifi, kasuwar Anyanui ta yi suna wajen sayar da itacensu. Tun 1992 aka sa tafkin Keta cikin wuraren ruwa da duniya ta yi alkawarin kiyayewa, saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai suna cin rani a wurin. Amma matar da ba ta da wani itace sai wannan, wa'azi kaɗai ba zai hana ta sara ba.

Abin da ya sami Keta ya sami maƙwabta. Da aka gina tashar jiragen ruwa ta Lome cikin shekarun 1960, yashi ya taru a yammacinta, gabashinta kuwa teku ya cinye hanyar da ke zuwa Aneho, har aka janye ta baya. Haka ya faru gabas da tashar Kwatano. A Legas ma, katangun da Turawa suka fara ginawa a bakin mashigar jirage a 1908 su ne suka tare yashi, teku ya yi ta cin gaɓar da ake kira Bar Beach shekara da shekaru. Ko'ina labarin ɗaya ne, yamma ta ƙoshi, gabas ta rame.

Wannan ne ya sa ƙasashen suka fara zama tare. A 2018 Bankin Duniya ya buɗe wani shiri na kiyaye gaɓar Afirka ta Yamma, mai suna WACA, Gana kuma ta shiga kashinsa na biyu a 2022. A ƙarƙashinsa Togo da Benin suka yi aiki ɗaya a kan iyakarsu. Ba su tsaya ga duwatsu kaɗai ba, sun haƙo yashi mai yawa daga cikin teku suka zuba a gaɓa, domin raƙuman ruwa su rarraba shi yadda kogi yake yi a dā.

Tarihin Keta yana koyar da cewa maƙwabcin mutum ba wanda suke katanga ɗaya ba ne kaɗai. Wanda ke zaune can ƙasan kogi, ko can gabas a bakin teku, shi ma maƙwabci ne, ko da ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Waɗanda suka gina Akosombo ba su nufi Keta da mugunta ba, sun dai yi lissafinsu ba tare da shi ba. Ragowar kagarar Prinzenstein tana nan har yau bayan tarin duwatsu, masunta suna jan tarunsu kusa da ita. Yaran Agavedzi kuwa, in iska ta taso da dare, iyayensu ba sa barci.