Haƙori, Muƙamuƙi da Numfashi: Tarihin Yadda Likitoci Suka Gano Alaƙarsu

Yau da labarin ƙanina zan fara. Tun yana yaro haƙoransa na sama sun turo gaba, haɓarsa ta shige ciki, kuma in ya kwanta baki a buɗe, minshari kamar an tada janareta. Mu dai tsokana muka ɗauke shi. Sai da na shiga karanta tarihin likitancin haƙori na gane ashe abubuwan nan uku a haɗe suke.

A shekarar 1899, wani likitan haƙori ɗan Amurka, Edward Angle, ya raba rashin daidaiton cizo gida uku, bisa yadda turamen haƙori na sama da na ƙasa ke haɗuwa. Kashi na farko, turamen sun hau daidai amma sauran haƙoran sun cunkushe ko sun karkace. Na biyu, na ƙasa sun koma baya, irin na ƙanina ke nan. Na uku kuma na ƙasa ne suka zarce gaba, kamar yadda aka gani a gidan sarautar Habsburg na Turai. Sarki Charles na II na Sifen, wanda ya mutu a 1700, ko tauna abinci wahala take ba shi. Har gobe da wannan rabo na Angle likitoci ke aiki.

To amma shi Angle haƙori ya fi sa wa ido. Wanda ya leƙa bayan haƙoran shi ne wani likita Bafaranshe, Pierre Robin. A 1923 ya bayyana cewa in muƙamuƙin ƙasa ya yi ƙanƙanta, harshe kan zame baya ya toshe hanyar iska. Dalilin kuwa shi ne, jijiyar da ke riƙe harshe a jikin ƙashin haɓa take daga ciki. In haɓa ta ja baya, harshe ya bi ta, maƙogwaro ya matse. Da rana ba a cika ji ba, amma da dare in jiki ya saki, sai minshari, wani ma numfashinsa ya riƙa ɗaukewa yana dawowa.

Shi ya sa a yau akwai na'urar da ake sa wa mai minshari a baki ta turo muƙamuƙinsa gaba kaɗan, iska ta samu wuri.

Ba kowane mai turarren haƙori ne ke da matsalar numfashi ba, ƙiba da kumburin tsokar bayan hanci ma suna jawo ta. Amma in yaronku na barci baki buɗe kullum, yana minshari, yana tashi a gajiye, don Allah a kai shi asibiti a duba. Mu mun makara, ƙanina sai da ya girma aka duba shi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.